Shinkafar Ikhlas

Alhaji Ɗayyabu ya jingina wayarsa da gwangwanin madarar da babu komai a cikinsa, ya karkace hula, ya yi gyaran murya irin ta mutumin da ya saba a yi masa shiru. A fuskar wayar hayaƙi ne ke tashi daga wani kasko a bakin titin Saigon, wata mata mai malafa tana juya jatan lande a kan garwashi, babura na shawagi a bayanta kamar an tashi gidan zuma. Tun kafin zuwan korona aka ɗauki hoton, amma wa ya sani? Murya kawai zai ɗora sabuwa ya tura, mutanen gida su ga har yanzu tafiya na tafiya.

"Jama'a ku buɗe ido," ya fara. "Wannan lungun da kuke gani, babu Bahaushen da ya taka shi kafin ni. Ni na fasa hanyar."

Ba ƙarya ya yi ba, ko da ya ɗan ƙara gishiri. Mutumin da ya fara da dakon atamfa a Kantin Kwari, ko bakin ƙofar makarantar boko bai taɓa tsayawa ba, shi ne ya taka Jidda, ya taka Bankok, ya kwana a benci a filin jirgi, 'yan sandan ƙasashen da ba ya jin yarensu suka tsare shi ya fito da hularsa a kai. Da ya sauka Kuala Lumpur ya lura da wani abu da masu digiri ba su lura da shi ba: manyan mutanenmu da ke zuwa ganin 'ya'yansu ko ganin likita, aljihu cike, amma tsoron tukunyar garin suke yi. Sai ya zama shi ne jagoran cikinsu. Ya kai su Kampung Baru su ci tsiren da ake tsomawa a miyar gyaɗa, ya zaga da su bakin tafkin Titiwangsa su sha iska. Wanda aljihunsa ya fi nauyi kuwa sai ya ɗora shi a jirgi zuwa Saigon, ya zaunar da kowane Alhaji a bayan babur, daga wannan rumfa zuwa waccan, miyar taliya da naman sa, burodi mai ƙamas da aka cusa wa kaza, kofi da madara a kan ƙanƙara. Ya san tukunyar da alade bai taɓa shiga ba, ya san wadda ko kallonta ba a yi. Daga nan ya samu sunan da ya rufe na yanka: Baba Saigon.

Sai annoba ta zo ta ajiye jirage a ƙasa. Aka rufe gari, aka buɗe, aka sake rufewa, har shekara ta zagayo ta wuce. Baƙi suka ɗauke ƙafa ɗif. Abin da ya rage wa Baba Saigon shi ne suna da tsofaffin bidiyo.

Yana tsakiyar kwatanta yadda kitsen jatan landen ke ɗiga a wuta aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ya yi tsaki, ya tsayar da ɗauka. Ruƙayyatu, autarsa mai shekara takwas, ta riga shi buɗewa. Mak Cik Rohani ce, tsohuwar Bamalayar da ke ƙarshen barandarsu, takunkumi ya rufe mata rabin fuska, hannunta riƙe da leda mai nauyi. Ta cikin ledar ana hango ƙaramin buhun shinkafa, kwalbar mai, da kiret na ƙwai. Ta ajiye a bakin ƙofa ta ja da baya, ta yi masa sallama da ladabi, tana kiransa Pak Haji kamar kullum. Malayancinsa na kasuwa ne, na nawa ne da rage mini, don haka kalma biyu kawai ya tsinta a maganarta, su ma bai san inda suka dosa ba.

"Me take cewa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Hausarta a karye take, a nan aka haife ta.

"Wai ta ga farar tuta, Abba. In mutum ba shi da makan, abinci, sai ya rataya farin abu, a kawo masa."

Ya waiwaya a hankali. Ta ƙofar gilashin falo ya hango barandar baya, mai kallon filin ajiye motoci da dogon benen da ke fuskantarsu. Farin hijabin sallar matarsa Hureira ne a can. Ba a kan igiya yake ba. A ƙarshen sandar goge ɗaki aka ɗaure shi, aka turo sandar waje, iska na kaɗa shi yadda duk unguwar Danau Kota za ta gani.

Ya ɗauki ledar da hannu biyu ya mayar gaban tsohuwar. Ya haɗa ɗan abin da ya iya ya gaya mata an yi kuskure, wanki ne, gidansa akwai komai, ta kai wa mabuƙata. Ta tsaya tana kallon yarinyar, ba shi ba. Ya rufe ƙofar kafin ta gama kallon.

* * *

A kicin ya sami Hureira tana wanke tukunyar da ba a dafa komai a cikinta ba. Ba ta juyo ba. Ya tambaye ta abin da ke rataye a baranda, ta ce shanya ta yi. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin an yi shanya a kan sanda ba sai in da yaƙi aka ci mutum. Ta ce a nan iska ta fi bugawa.

Daga nan ya ɓalle. Ya tuna mata ko shi wane ne. Shi da kwamishinoni ke jira ya ɗanɗana kafin su sa hannu, shi da wani babban sakatare ya riƙe wa ƙugu a bayan babur yana salati, yau shi za a kawo wa ƙwai a leda kamar mai jego? Ya kwana da yunwa a ƙasashen da ita ko sunansu ba ta iya faɗa ba, bai taɓa miƙa hannu ba, ba kuma a kan tsufansa zai fara ba. Ya ciyar da manya da hannunsa.

"Da kuɗinsu ka ciyar da su, Alhaji," ta ce, tana ɗauraye tukunyar. "Ka buɗe wancan bokitin ka gani. Abin da ke ciki ko kaza aka watsa wa sai ta raina mu. Tun jiya ruwan shayi ne a cikin yarinyar nan, shi ma babu sukari. Kai kana falo kana soya mata jatan lande da baki."

Ya ce mata ta iya bakinta. Ta ce baki ɗaya ne a gidan nan ke aiki, kuma ba nata ba ne. Shekarun aurensu ba ta taɓa mayar masa da magana haka ba, sai ya ji abin ya fi masa zafi fiye da ledar. Ya fita baranda ya fizgo sandar, ya kwance hijabin ya jefa mata a kafaɗa.

Sai dai an riga an gani.

* * *

Akwai guruf na Hausawan garin a waya, yawancinsu ɗalibai ne masu karatun manyan digiri da gwamnatocin gida suka turo, sannan aka manta da su da annoba ta zo. A lokacin da kuɗin karatunsu ya tsaya suka fara kuka a guruf ɗin, Baba Saigon ne ya tura musu saƙon murya mai tsawo, yana dariya. Ya ce ga amfanin boko nan, mutum da gemu da digiri a jere yana maula a waya. Ya ce su zo ya koya musu yadda namiji ke neman na kansa. Babu wanda ya amsa masa a ranar. Ashe ajiyewa suka yi.

Kafin azahar hoton barandarsa ya shiga guruf. Muntasir ne ya ɗauka daga benen da ke kallon nasu, wani siririn saurayi mai tabarau da ke digirin ƙarshe a jami'ar da ke Jalan Semarak. Alhaji ba ya karanta rubutu, amma ba a buƙatar boko kafin a gane ƙananan fuskokin nan masu dariya har da hawaye, suna ta zubowa kamar an kwance buhu. Wani ya tono tsohon saƙonsa ya sake turowa a ƙarƙashin hoton. Ya zauna ya ji muryar kansa tana dariya tana cewa maula.

Ya danna wurin magana. Ya ce wanki ne matarsa ta shanya, amma da yake yunwa ta sa idonsu ya raina fata, komai suka gani tuta ne. Ya ce abin da ake ci a gidansa, su a hoto kawai suke ganinsa. Ya rantse gobe war haka zai nuna musu teburinsa, wanda ya isa ya nuna nasa.

Da ya saki saƙon ya tafi, sai ɗakin ya yi tsit. Ya ji motsin Hureira a bakin ƙofa, ta gama jin komai. Ya wuni yana kai da kawo tsakanin falo da baranda, yana lissafa mutanen da zai iya kira. Duk wanda ya faɗo masa a rai, mutum ne da ya taɓa yi wa burga. Wanda ya saba hawa ba ya sanin tsanin yana da tsawo sai ranar sauka.

* * *

Washegari da rana tsaka ya fito daga wanka ya ji ƙamshi. Ya ɗauka hancinsa ne ke masa gizo. A kan teburi ga fararen robobi uku a jere, gumi na tsattsafowa a cikin murfinsu, kowace da 'yar takarda mai kore a liƙe. Ya buɗe ɗaya. Shinkafa ce ja, mai tumatir, cinyar kaza a kwance a gefe cikin jar miya, da yankan kokwamba.

Ya tambayi daga ina. Hureira, idonta a kan cokulan da take gogewa, ta ce wani mai shagon abinci ne cikin waɗanda yake kai wa baƙi ya aiko yaronsa, wai ya tuna alherin Pak Haji. Ta ce ba ta riƙe sunan ba.

Ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Ai dama ya sani. Shagunan da ya ɗaga a garin nan sun fi a ƙirga, dole a samu ɗan halak ɗaya. Ko da wata murya a can ƙasan ransa ta ce masa ya ƙara tambaya, ƙamshin kazar ya fi ta ƙarfi, rantsuwar jiya kuma ta fi su duka. Ya ɗaga murfin ya kira Ruƙayyatu.

"Zo nan, 'yar boko. Karanta mini sunan shagon."

Yarinyar ta kalli takardar, ta kalli uwarta. Yatsanta ya tsallake kalmar farko ya sauka a kan ta biyu.

"Ikhlas," ta ce a hankali.

"Ikhlas!" Ya buga cinya. Ya ce ai ya gane su, mutanen kirki ne, tun suna da teburi biyu yake kai musu manya. Bai tuna wani shago mai wannan sunan ba, amma kafin ya gama faɗa har ya fara ganin fuskar mai shi.

Ya hana kowa taɓawa. Ya sa aka shimfiɗa zanen teburi na baƙi, ya sako rigarsa mai aiki, ya jera robobin yadda haske zai faɗa a kan kazar. Ɗaukar farko hula ta karkace da yawa. Ta biyu babur ya wuce a ƙasa ya cinye masa magana. Ruƙayyatu na zaune a ƙasa ta rungume gwiwa, idonta na bin cinyar kazar duk inda ya juya ta, tururin shinkafar na raguwa har ya ɗauke. A ɗaukar da ta yi masa daidai ya kawo murfin dab da idon wayar, ya riƙe shi sosai don kowa ya karanta.

"Ga shi nan, ku masu karatu. Gidan abinci na Ikhlas. Har gida suke aiko mini, don ni na yi su. Wanda ya shuka shi ke girbi."

Ya tura, sannan ya ce bismilla. Yarinyar ta ci kamar za a ƙwace, har ƙashin ta tauna ta tsotse. Shi ma ya ci, shinkafar ta huce amma ya ji ta har tsakar kansa. Ya ba su labarin wata rumfa a bakin kogin Saigon inda ake cin abinci jirgin ruwa na wucewa, ya yi wa Ruƙayyatu alkawarin bayan babur idan gari ya buɗe. Har Hureira ta ɗan saki fuska. Rabon gidan da irin wannan zama an jima.

* * *

Bayan la'asar wayar ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Ya ɗauka da murmushinsa. Saƙon farko na Muntasir ne, cikin murya mai sanyi da ladabin da ya fi zagi ciwo.

"Baba, Allah ya ƙara girma, mun ga teburi. Sai dai kalma biyu ce a murfin. Sumbangan ikhlas. Da Hausa, sadaka fisabilillahi. Daga ƙaramin masallacin da ke ƙasan bene ake rabawa, ga waɗanda suka ɗaga tuta. Gobe kifi ne da miyar kwakwa, Baba, a shirya kyamara da wuri."

Abin da ya biyo baya bai saurara duka ba. Wani ya ce Restoran Ikhlas reshen Danau Kota. Wani ya kwaikwayi muryarsa yana cewa ni na yi su. Wani ya ce an riga an tura bidiyon Kano.

Ya miƙe da murfin robar a hannu. Ruƙayyatu na ganin fuskarsa ta ja da baya har ta bugi bango. Ya tambaye ta kalma nawa ce a nan. Ya ɗaga hannu, sai ga Hureira a tsakaninsu.

"Ni na ce mata. Ni na sauka na karɓo, ni na yi maka ƙarya. In duka ne ga ni."

Ya ce ta kashe shi da ransa. Ta tsirara shi a gaban yaran da ya haifi kamarsu, ta yi amfani da makantarsa ta ja shi ta jefa rami. Duk duniyar da ya zaga babu wanda ya taɓa ci masa mutunci da rashin karatu sai matarsa da 'yar cikinsa. Hureira ta ce ita abinci ta kawo, ba ita ta ce a yi masa hoto ba. Sannan ta rage murya.

"Ka ji abin da yaron nan ya ce kuwa? Gobe kifi ne. Ina ya san gobe kifi ne, Alhaji, in ba ƙofarsa ake ajiyewa ba? Duk masu dariyar nan da cokalin masallaci a hannunsu suke yi."

Maganar ta shige shi, ya san gaskiya ce. Har ya ɗaga wayar zai watsa musu ita. Sai ya tsaya. In ya faɗa, ya yarda ke nan shi da su layi ɗaya suke, kwano ɗaya, yunwa ɗaya. Gara su yi ta dariya yana sama da su yi shiru yana cikinsu. Ya ajiye wayar.

Ya sa takunkumi ya taka har ƙarshen baranda, ya buga ƙofar Mak Cik Rohani. Ya gaya mata, da baki da hannu, kada a sake tsayawa a ƙofarsa, kada a sake ba matarsa komai, ta faɗa wa mutanen masallaci. Tsohuwar ta daidaita tafin hannunta daidai tsawon yarinya, ta ce saboda ƙaramar ce, Pak Haji. Ya buga ƙirji ya ce ƙaramar tana da uba.

Da ya dawo ya jawo babban akwatin tafiyarsa, wanda takardun filayen jirgi suka rufe wa jiki. Ya bi gidan ɗaki ɗaki yana tattara duk wani abu fari: hijabin salla, zanen gado, tawul, farar rigarsa ta Juma'a, har rigar makarantar Ruƙayyatu da ɗan kwalinta. Ya danna su ciki ya zauna a kai ya ja zif, ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Hureira na tsaye tana kallonsa, hannu a harɗe.

"Kai suna ya ƙosar da kai," ta ce. "Ita fa?"



* * *

Da rana ta take washegari, lifta ta buɗe a hawansu. Samari biyu na masallaci suka turo 'yar kura irin ta kanti, robobi a tsibe a ciki, Mak Cik Rohani na gaba tana nuna musu ƙofofi. Ƙamshin kifi da kwakwa ya riga su isowa.

Alhaji Ɗayyabu ya riga ya buɗe ƙofarsa wangale, ya ajiye kujera a bakinta. Ya sha rigarsa mai aiki, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, takunkumin ya sauke shi ƙasan haɓa don a ga bakinsa da kyau. Tsinken sakace ne a tsakanin haƙoransa, yana juya shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan.

Kurar ta rage gudu a gabansa. Ɗaya daga samarin ya gaishe shi da gaisuwar garin, wadda ake tambayar mutum ko ya ci abinci.

"Sudah," ya ce, yana shafa ciki. "Na ci. Alhamdulillahi."

Tsohuwar ta leƙa ta saman kafaɗarsa. Ya ɗan gyara zama ya tare wurin. Kurar ta wuce, ƙafarta ɗaya na ƙara, ta tsaya a ƙofar gaba, aka ƙwanƙwasa, aka buɗe, aka yi godiya.

A bayan labulen falo Ruƙayyatu na tsaye, ta manna hancinta a jikin yadin, tana shaƙar abin da ya rage a iska. Ubanta ya zare tsinken ya duba bakinsa. Babu komai a jiki. Ya mayar da shi baki ya ci gaba da sakace.